Man kanumfari da na zaiti suna maganin kaska a jikin dabba?

Tambaya: Likita, ina da shanu 6 da 'yan tumaki. Kaska ta addabe su, ga maganin feshi ya yi tsada. An ce man kanumfari ko na zaiti yana kashe ta. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, da gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda masu talla ke kururutawa ba. Kanumfari na ɗauke da sinadarin yujinol, kuma a ɗakin gwaji yana kashe 'ya'yan kaska sosai. Matsalar ita ce irin wannan mai, har da na zaiti, ba ya zama. Ka shafa da safe, rana ta buga, kafin la'asar ƙamshin ya tashi, ƙarfinsa ya bi shi. Man darbejiya da ake matsowa daga 'ya'yanta ya fi daɗewa a fata, sai dai aikinsa a hankali ne: yana hana kaska shan jini yadda take so, ya rage ƙyanƙyasar ƙwanta.

In za ka gwada man kanumfari, kada ka zuba shi tsagwaronsa, yana ƙona fata. Cokalin shayi 2 a cikin lita 1 ta man gyaɗa ya isa. Fara da ɗan wuri a jikin dabba ɗaya, ka jira kwana guda. In babu ja ko kumburi, sai ka bi maɓoyarta: cikin kunne daga baki-baki, hantsa, 'ya'yan maraina, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato. Ka kiyaye ido da hanci. Kyanwa kuwa kada ka kusance ta da shi, hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Amma da damina, lokacin da babbar kaskar nan mai zanen ado a baya ta cika hantsa, mai ba zai tare ta ba. Ita ce ke kawo kabowa, cutar da ke sa dabba zagaye tana faɗuwa, ita ke buɗe wa ciwon fata na kirci ƙofa. Nan sai maganin feshi irin su amitiraz, a kan ma'aunin da aka rubuta a kwalba. Tsarma shi fiye da ƙima don ya yi auki, shi ke sa kaska ta saba da shi. Kuma amitiraz guba ne ga doki.

Kaskar da ka cire da hannu ka jefa ta a wuta ko kananzir. Kada ka fasa ta da farce, don wasu na ɗauke da cutar da ke kama mutum, kuma mace ɗaya da ta faɗi ƙasa a ƙoshe tana zuba dubban ƙwai a garke. Dabbar da ka ga tana zazzaɓi, tana fitsarin jini ko tana zagaye tana faɗuwa, a kira likitan dabbobi a ranar.