Hukuncin ajiye bindiga a jirgin ruwa saboda 'yan fashin teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai tafiya da iska, mu huɗu ne a ciki. Tafiyar da ke gabanmu za ta bi ta mashigin tekun Aden, tsakanin Yemen da Somaliya. Mai jirgin ya ce zai sayi bindiga mu ɓoye ta a ƙarƙashin daɓe, kada kwastan su gani. Ya halatta? In na harbi ɗan fashi ya mutu, ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kare kai halas ne, babu ja a kai. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Ya ce kada ya ba shi. In ya yaƙe shi fa? Ya ce ya yaƙe shi. In aka kashe shi, shahidi ne. In shi ya kashe ɗan fashin, ɗan fashin yana wuta. Fashi a teku da fashi a tudu duk hiraba ce, wadda ukubarta ta zo a Suratul Ma'ida, aya ta 33. Sai dai malamai sun ce ana tunkuɗe mahari da mafi sauƙin abin da zai kore shi. Malikiyya ma sun ce a fara haɗa shi da Allah kafin a ɗaga makami, in akwai sarari. Wanda tsawa ko harbin iska zai kora, ba a auna ƙirjinsa. Wanda ya juya ya gudu, ba a bin sa da harsashi. In ka kiyaye wannan ya mutu a hannunka, babu zunubi a kanka, babu diyya.

Ɓoye bindigar nan kuwa bai halatta ba, kuma nan nake so ka tsaya ka yi tunani. A tsakiyar teku dokar ƙasar da jirginku ke ɗauke da tutarta ce ke aiki a kanku. Da kun shiga mil 12 na ruwa daga gaɓar wata ƙasa, kun shiga ikonta, bisa yarjejeniyar dokokin teku ta 1982. Lasisin wata ƙasa ba ya wanke ka a tashar wata. Ranar da jami'in kwastan ya hau jirginku ya miƙo takarda mai tambayar ko akwai makami, ka rubuta babu, ka sa hannu, alhali kana tsaye a kan katakon da ke rufe da ita, ka yi ƙarya, ka kuma ci amanar mutanen da suka ba ka izinin shiga ƙasarsu. Allah Ya ce a cika alkawura, a ayar farko ta Ma'ida, bai ware alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba. Wanda ya bayyana makaminsa, galibi a kulle shi a maka hatimi, ko a riƙe shi a ofis sai ranar tashi. Wannan ɗawainiya ce mai sauƙi idan aka gwada da kurkuku. A 2013 Indiya ta tsare jirgin Seaman Guard Ohio da mutum 35 saboda makamai, aka yanke musu shekara biyar a 2016, ba a wanke su ba sai 2017. Yawancinsu fa masu gadi ne, aikinsu ke nan.

Sannan kada ka ɗauka bindiga ita ce tsira. Peter Blake, shahararren matuƙin nan ɗan New Zealand, 'yan fashi sun hau jirginsa a bakin kogin Amazon a Disambar 2001. Ya fito da bindiga ya raunata ɗaya, sai ta cije, suka harbe shi har lahira. Abin da suka tafi da shi bai wuce agoguna da injin kwale-kwale ba. Shi ya sa da yawa daga malamai suka ce faɗa a kan dukiya an yarje maka ne, ba a wajabta maka ba. In agogo da waya suke so, miƙa musu, rai ba shi da madadi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Kwale-kwalen masunci da na ɗan fashi kamarsu ɗaya daga nesa, balle da dare, jirgi yana tangaɗi, hannu yana rawa. A Fabrairun 2012 sojojin Italiya da ke gadin wata tankar mai sun harbe masunta biyu 'yan Indiya a kusa da Kerala, suna zaton 'yan fashi ne. Horarrun sojoji ke nan. Kai da ba ka taɓa ɗana kunama ba, in ka kashe masunci bisa zato, kisan kuskure ne mafi ƙaranci, akwai diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere.

Saboda haka, in ƙasar tutarku ta ba da izini, za ku bayyana makamin a duk tashar da kuka sauka, kuma akwai wanda ya iya shi a cikinku, ɗaukarsa ya halatta. In ɓoyewa za a yi, kada ka sa hannu, ka faɗa wa mai jirgin a fili tun kuna tudu. Ni dai da za ka ji tawa, ku sake duba hanyar tukuna. A Fabrairun 2011 'yan fashin Somaliya sun kama jirgi irin naku mai suna Quest, suka kashe Amurkawa huɗun da ke ciki, jiragen yaƙin Amurka suna biye da su. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Baƙara, aya ta 195. Ku nemi sabon bayani daga rundunonin da ke sintiri a yankin. In suka ce akwai haɗari, ku zagaya ta Afirka ta Kudu, ko a loda jirgin a kan babban jirgin dakon kaya.

Wallahu a'alam.