Haɗarin Mota a Harabar Jami'a: Wa Za a Kira, Me Za a Ɗauka da Waya?

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga ɗalibai da ma'aikatan jami'a a Bauchi da Gombe, kuma duka a kan abu ɗaya suke: amfanin wayar hannu a lokacin da aka yi haɗari a cikin makaranta.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Bauchi. Keke Napep ya yi karo da mota kusa da ɗakin kwananmu, jama'a suka taru, kowa da waya a hannu, amma babu wanda ya san lambar da zai kira. Wa ya kamata a fara nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Idan an samu rauni, a fara kiran asibitin makaranta da ofishin tsaro na jami'ar, domin su ne suka fi kusa, kuma duk motar agajin da za ta zo daga gari sai ta bi ta hannunsu a ƙofa kafin ta shigo. Sai dai lambobinsu ba irin gajerun nan ba ne da kowa ya haddace. Lambobi ne na yau da kullum da suka bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Saboda haka ki je ofishin tsaro ko allon sanarwa ki kwafe su tun yanzu, ki adana su da suna bayyananne, ki sa su cikin jerin lambobin da kika fi kira.

Na waje kuwa lambobi biyu ne. 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ce, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988. 112 kuma ita ce lambar gaggawa ta ƙasa da Hukumar Sadarwa ta NCC ta samar, wadda ke haɗa mai kira da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Duka biyun kyauta ne, ba sa buƙatar kati ko data, kuma ana iya kiran 112 ko da wayar tana kulle. A raba aiki: mutum ɗaya ya kira na ciki, wani ya kira na waje. Idan an ɗauka, a faɗi wuri, da yawan waɗanda suka ji rauni, da ko suna numfashi ko suna zubar da jini, sannan kada a katse sai an gama tambayoyi. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ciccibe shi a cusa shi cikin keke, sai idan wuta ce ta tashi. Kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Gombe. Yaya zan kwatanta wa baƙo ainihin wurin da abin ya faru, alhali titunan cikin makaranta ba su da sunan da aka sani?

Amsa: Wannan matsala ce ta gaske, musamman a harabobi masu faɗi da ke wajen gari, irin harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Jami'ar Tarayya ta Kashere. Ga mai amsa kira, baki ne ke aiki: ka ambaci ƙofar da ta fi kusa, sannan babban gini kamar masallaci ko ɗakin karatu ko ginin majalisar jami'a, ka kuma tura mutum ya tsaya a ƙofar ya yi jagora. Idan direban motar agajin ya ba ka lambarsa, ka buɗe WhatsApp, ka taɓa alamar maƙala abu, ka zaɓi lokeshan. Kafin ka tura, ka ɗan dakata har shuɗiyar da'irar da ke kewaye da ɗigonka, wato alamar da ke nuna inda kake a taswira, ta tsuke, domin mai gaggawa yakan tura wurin da ya kauce da mita ɗaruruwa. Idan ba ka da data, na'urar gano wuri ta wayarka tana ci gaba da aiki, tunda daga tauraron ɗan'adam take karɓar saƙo. Ka danna ɗigonka ka riƙe a Google Maps, lambobi jeri biyu za su fito, na farko a cikin garin Gombe yana farawa da 10, na biyu da 11. Ka kwafe su ka tura ta saƙon tes.

Tambaya: Malam, ma'aikaci ne ni. An goge mini gefen mota a gaban tsangayarmu, babu wanda ya ji rauni. Na ɗauki hotuna na tura wa abokina ta WhatsApp, daga baya wayata ta lalace. Shin waɗanda ke wayarsa za su isa hujja?

Amsa: Za su taimaka, Yallaɓai, amma sun rasa rabin ƙarfinsu. Kowane hoto da kyamarar waya ta ɗauka yana ɗauke da ɓoyayyen bayani: rana, da sa'a, da samfurin wayar, har da wurin da aka tsaya idan an kunna wannan a saitin kyamara. Idan aka tura shi a matsayin hoto, WhatsApp yana matse shi ya kuma cire wannan bayanin, sai lambar mota da aka ɗauka daga nesa ta dushe, harafin B ya koma kamar 8. Maganin shi ne a tura shi a matsayin fayil, wato dokumen, ko ta imel, a kuma bar na asali yadda yake, ba tare da yanke gefe ko zana masa kibiya ba.

Abin da ake ɗauka ma yana da tsari, kuma a nan ne na ga mutane sun fi kuskure, domin kowa kan lotsewar ƙarfe yake kai kyamara. Kafin a motsa motocin, a ja da baya a ɗauki wurin gaba ɗaya daga kusurwa biyu ko uku, yadda za a ga titi, da kwana, da tudun rage gudu, da inda kowace mota ta tsaya. Sai a matso ga sawun birki da fasassun gilasai a ƙasa, da lambobin motocin gaba da baya, sannan ɓarnar kanta. A karɓi lambar wayar shaida ɗaya ko biyu, da izininsu.

Hoto kuma ba ya maye gurbin rahoto. Ka je ofishin tsaro a ranar, a rubuta abin da ya faru, ka nemi kwafi ko ka ɗauki hoton shafin. Idan akwai kyamarar tsaro a ginin, ka nemi a adana bidiyon nan take, saboda irin waɗannan na'urori suna share tsohon ɗauka da kansu idan ma'ajiyarsu ta cika. Idan magana za ta kai ga inshora, kamfanin kan nemi rahoton sashen kula da zirga-zirgar ababen hawa na 'yan sanda. Tun Janairun 2023 kuɗin inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, tana kuma biyan ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Ana tantance sahihancinta ta danna *565*11# a saka lambar motar, kuma ya kamata a yi hakan, domin takardun bogi suna da yawa. Idan kuma sulhu aka zaɓa, kamar yadda aka saba tsakanin abokan aiki, a rubuta abin da aka amince a kai a gaban jami'in tsaro, kowa ya sa hannu.

Tambaya: Shin sa hoton haɗarin a zauren WhatsApp na ajinmu ba hanya ce ta sanar da jama'a da sauri ba?

Amsa: Jama'a za su ji, amma babu tabbacin motar asibiti za ta taso, domin kowa zai ɗauka wani ya riga ya kira. Ga kuma illar da ta fi girma: uwa a Azare ko Kaltungo ta ga ɗanta kwance cikin jini a sitatus kafin kowa ya kira ta. Ra'ayina shi ne kada a yaɗa fuskar wanda ya ji rauni ko kaɗan. Idan ana neman danginsa, a duba fuskar wayarsa: a shafin buɗe makulli akwai wurin kiran gaggawa, kuma idan ya cike bayanansa za a ga lambar ɗan'uwansa da rukunin jininsa ba tare da sanin lambar sirri ba. Ana cike wannan a sashen tsaro da gaggawa na saitin Android, ko a manhajar lafiya ta iPhone. A yawancin wayoyin da ke kan Android 12 zuwa sama, danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere yana fara kiran gaggawa idan an kunna tsarin. A duba shi a saiti kawai, ba sai an gwada kiran ba, don kada a tare layi.