Tambaya da Amsa: Mece ce tabar siga mai ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani otal a Abuja, akwai baƙin da ke zuwa da irin tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba, wai siga. Wani ya ce min tasa mai cikakken ƙarfi ce, kuma wai ba ta cutarwa tunda ba a zuƙar hayaƙin zuwa ƙirji. Me ke sa ta ƙarfi, kuma maganarsa gaskiya ce? Daga mai karatu, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mutane da yawa na ɗauka baƙin ganyen da aka lulluɓe sigar da shi ne ƙarfin, to ba haka ba ne, wannan baƙin ai daɗewa ya yi ana rufe shi yana gumi har ya yi duhu, wani lokacin ma har ɗan zaƙi-zaƙi yake. Ƙarfin yana can ciki, a ganyen da masu sana'ar ke kira ligero, wato na can saman shukar da ya fi shan rana, ya fi kauri, ya fi nikotin (sinadarin taba mai sa mutum ya kasa daina ta), kuma a hankali yake cin wuta, shi ya sa mai naɗi ke saka shi a tsakiya. Ƙasar Nikaragwa ta yi suna a nan, musamman garin Estelí, kamfanin Joya de Nicaragua da aka kafa a 1968 yana da wata siga mai suna Antaño da aka sani da ƙarfi, a Kuba kuma akwai masu ƙarfi irin su Partagás da Bolívar. Irin wannan sigar tana da tsada domin hannu ne ke naɗe ta, ganyen kuma sai ya shekara da shekaru a ajiye, sannan dole a adana ta cikin akwatin katako mai danshi wajen kashi 70 cikin ɗari, ka ga da hunturunmu in an bar ta a waje tsagewa za ta yi.

Maganar baƙonka kam wallahi ba gaskiya ba ce. Hayaƙin siga nikotin ɗinsa ta fatar baki yake shiga jini, ba sai ya kai huhu ba, shi ya sa wanda bai saba ba zai ji jiri da zufa da tashin zuciya, balle in cikinsa ba komai. Babbar siga guda ɗaya tana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari sukutum, kuma tana jawo kansar baki da maƙogwaro da hanyar abinci. Kai ma da kake yi musu hidima hayaƙin yana shigar ka, in da hali ka roƙi shugabanka a ware musu waje a buɗaɗɗen fili.