Kafasitar Kiɗan Mota da Fitilunta: Tambayoyinku da Amsoshi

Daga Birnin Kebbi: Assalamu alaikum Malam. Na sa kafasita mai farad 1 kusa da amfilifaya a but ɗin motata. Fitilunta shuɗaye ne, ni kuma ja nake so. Zan iya canza su da kaina, ko sai na kai wa mai wayarin?

Wa alaikumus salam. In hannunka ya saba da ƙarfen soda, za ka iya. Sai dai abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne wutar da ke kwance cikin kafasitar, wato gwangwanin nan da ke tara wa amfilifaya wuta, domin ko ka kashe mota ka zare makulli, tana nan cike. Bolt 12 ba ta jan mutum kamar wutar gida, shi ya sa mutane suke raina ta. Amma bari sifana ta gilma tsakanin kawunan kafasitar biyu, inda ake ɗaura wayoyi, duk abin da ke ciki zai fita cikin ƙiftawar ido. Tartsatsi zai tashi, ƙarfe ya yi tabo, in kuwa zoben hannunka ne ya haɗa su, ƙuna ce har cikin nama. Don haka ka fara cire zobe da agogon ƙarfe.

Daga nan sai ka zare fiyus ɗin da ke kusa da batir, ka kwance wayoyin kafasitar ɗaya bayan ɗaya, kana naɗe bakin kowace da salatif. Samo ƙwan fitilar sigina mai wat 21, ka ɗaura masa guntayen waya biyu, ka taɓa su a kawunan kafasitar. Zai kama da haske, sannan ya riƙa dusashewa, ya koma ja kamar garwashi, ya mutu. Kada ka cire nan take. Bar shi minti ɗaya ko biyu, sannan ka sa mita ka ga ta sauka kusa da sifili. Akwai masu gajen haƙuri da ke gitta sukudireba don su zubar da wutar gaba ɗaya. Ina roƙonka kada ka bi su, yana lalata kafasitar, ga haɗarin tartsatsi a ido.

Fitilun suna kan wani ɗan faranti ne da ke sama, ƙarƙashin murfin roba, can ne iyakar aikinka. Ita gwangwanin ba a buɗe ta, ba a huda ta, akwai ruwan sinadari a ciki. In ka ɗaga murfi ka ga ƙananan fitilun nan da ake kira LED masu ƙafa biyu ne, aiki ya zo da sauƙi: doguwar ƙafa ita ce ta +, ka lura da yadda tsohuwar take zaune kafin ka zare ta. In kuma ƙananan nan ne da ke manne a jikin faranti, kai wa mai gyaran wayar salula, shi ke da injin iska mai zafi da irin hannun da aikin yake so.

Ga inda da yawa suke ƙona sabbin fitilu. Shuɗiyar LED tana cin bolt 3 da ɗoriya, ja kuwa kamar 2. Sauran wutar, wani ɗan ƙanƙanin abu da ke kan farantin mai suna rezista ne ke tare ta. In fitila ɗaya ce a kan rezista ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma in uku aka jera a layi guda, ka mayar da su jajaye, wutar da ke ratsa su za ta kusa ninkawa, ba za su daɗe ba. Lissafin rezistar da ta dace kuwa ga shi: mota tana aiki, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, tana ba da har bolt 14.4. Cire 2 na jar fitila, saura 12.4. Raba da 0.02, wato miliamfiya 20 da ƙaramar LED take ɗauka, ka samu om 620. Sayi mai om 680, rabin wat. Ga uku a jere, cire 6 maimakon 2, zai ba ka 420, sai ka sa mai 470. Lambobin allon da ke nuna bolt kuwa a haɗe suke zuwa, ka bar su da launinsu.

Wajen mayarwa, ka tabbatar + ta tafi ga +, domin in aka juya, kafasitar tana iya kumbura har ta fashe. Kuma kada ka jona ta da batir kai tsaye tana wayam. Sa ƙwan nan a gurbin fiyus, ya kama, ya dusashe, mita ta nuna kusan 12, sannan ka mayar da fiyus.

Daga Gusau: Na ƙara igiyar fitilu a kan kafasita, ta yi kyau ƙwarai. Amma in na ajiye mota kwana biyu sai an tura ta. Ko kafasitar ce ke shanye batir?

Zargina ya fi karkata ga igiyar. Kawunan kafasita kullum da wuta suke, ko mota na kashe, don haka duk abin da ka ɗaura musu ba ya barci, ga shi cikin but inda ba ka gani. Mita ɗaya ta irin wannan igiya tana iya jan amfiya 0.4. A awa 48 ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na batir mai 60Ah, wato amfiya-awa 60. In batirin ya tsufa, ai dole a tura.

Maganin shi ne ka ɗauke igiyar daga nan, ka ba ta wuta ta rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, tare da ƙaramin fiyus mai amfiya 2 ko 3. Shi rilen, wayar nan shuɗiya mai ratsin fari da ke fitowa daga rediyo tana tayar da amfilifaya ita za ta kunna shi. Rediyo ya mutu, fitilu sun mutu. Fitilun kafasitar kansu, wasu suna kashe kansu bayan 'yan mintoci, wasu kuma suna da ƙaramin kai da aka rubuta wa REM, shi ma waccan wayar yake jira.

In ka yi haka matsalar ba ta tafi ba, mai wayarin ya auna maka abin da motar ke ja tana kashe. Ya kamata ya tsaya ƙasa da miliamfiya 50. Ka kuma duba jikin kafasitar da kyau. Zafin bazara namu yana haura digiri 40 a Maris da Afrilu, cikin but ɗin da ya wuni a rana kuwa abin ya fi haka, kuma ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar irin wannan kafasita da kusan rabi. In ka ga ta kumbura, ko wani danshi yana tsatsowa a gindin kawunanta, ba ta gyaruwa, canza ta.

Daga Argungu: In wufa, wato babbar lasifikar nan mai kaurin sauti, ta buga, fitilun gaba sai su riƙa lumshewa. In sayi kafasita mai farad 5?

Riƙe kuɗinka tukuna, ɗan'uwa. Kafasita buta ce, daga randa ake cika ta, randar kuwa ita ce altaneta da batir. Amfilifaya mai wat 1000 na gaske tana iya neman amfiya 80 zuwa sama in ta buɗe, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa iyakarta ke nan, ga na'urar sanyi da fitilu suna jiran rabonsu. Tayar da mota ka sa mita a kan batir. Ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. In kiɗa yana sauko da ita ƙasa da 13, duba altaneta da bel ɗinta, ka goge kawunan batir, ka kankare fenti a inda baƙar waya ta kama bodi, ka sa waya mai kauri. Farad 1 ga kowane wat 1000 shi ne awon da aka saba bi.