Gyaran Gidan Ƙungiyar Ɗalibai a Amurka: Wa Zai Yi Me, Kuma Daga Ina Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a wata jami'a a Amurka, kuma ina cikin ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai maza, irin waɗanda ake sa wa suna da haruffan Girkanci. Gidan da muke zaune an gina shi wajen 1925, ya tsufa sosai: rufi na yoyo, fenti na ɓarewa, wuta na yawan ɗaukewa. Tsofaffin ɗalibai sun ce za su tara kuɗi mu haɗu mu gyara a hutun bazara. Daga ina za mu fara, kuma wane aiki ne mu ɗalibai za mu iya yi da hannunmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a ɗaga guduma, ku fara sanin wane ne mai gidan. A mafi yawan irin waɗannan ƙungiyoyi, gidan mallakar wani ƙaramin kamfani ne da tsofaffin ɗalibai suka yi wa rajista, ku kuma 'yan haya ne. A wasu wuraren jami'a ce ke da filin ko ginin gaba ɗaya. Mai gidan shi zai sa hannu a kwangila, shi zai nemi takardar izinin gini daga hukumar gari, shi kuma zai sanar da kamfanin inshora. Idan ɗalibai suka rushe bango ba tare da izini ba, mai duba gini na hukumar gari na iya tsayar da aikin, har ya hana a zauna a gidan ranar da za a koma makaranta.

Kuɗin farko da za a kashe na mai duba gini ne ko injiniya, ya zagaya gidan daga rufi har ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya rubuta rahoto. Daga rahoton za a tsara aiki, kuma tsarin ba ya canzawa: a tsayar da ruwa tukuna, sai wuta da famfo, sai bango, fenti ya zo ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da falo saboda shi baƙi ke gani. A yi fenti mai kyau a Yuni, ruwan rufi ya ratso ta sili a Nuwamba, kuɗin ya tafi a banza. Yoyon ma sau da yawa daga bakin bututun hayaƙi yake, inda ƙarfen da ke rufe mahaɗar ya tsage, ko daga indararon da ganye ya toshe.

Batun wutar da ke ɗaukewa ku ɗauke shi da muhimmanci. Gidan 1925 na iya kasancewa da tsohon wayarin da aka ja a kan 'yan ƙullutun tangaram, ba shi da wayar ƙasa (wadda ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa don kada ta ja mutum), kuma an yi shi ne don 'yan fitilu kaɗan. Yau ɗalibi ɗaya na da firji ƙarami, kwamfuta, hita da na'urar sanyaya ɗaki, ga mutum talatin a gida. Wannan aikin mai lasisin lantarki ne kawai. A banɗaki da kicin a sa soket mai yanke wuta da kansa idan ruwa ya taɓa. Tunda za a buɗe bango, lokacin ne mafi sauƙi na saka bututun yayyafin ruwa na kashe gobara. A watan Mayun 1996 gobara ta kashe mutum biyar a gidan ƙungiyar ɗalibai ta Phi Gamma Delta da ke garin Chapel Hill a Carolina ta Arewa, daga baya garin ya wajabta waɗannan bututu a gidajen ƙungiyoyin ɗalibai. Ko dokar garinku ba ta tilasta ba, a ganina su ya kamata su sha gaban sabon kicin. Na'urar jin hayaƙi kuma tana da kwanan wata a bayanta. Wadda ta kai shekara 10 a sauya ta.

Fentin da ke ɓarewa kada kowa ya sa masa samfefa tukuna. Sai a 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidajen zama, don haka ku ɗauka naku na da ita har sai gwaji ya nuna babu. Goge shi a bushe na mayar da shi ƙurar da ake shaƙa, kuma duk wanda ya ji labarin Zamfara a 2010 ya san abin da gubar dalma ke yi wa jiki. Haka tsofaffin tayil na ƙasa masu inci tara-tara, da farin abin da aka naɗe bututun ɗumama gida da shi: suna iya ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. A yanki samfur a kai ɗakin gwaji, idan an samu, ƙwararru ne za su cire.

To me ya rage wa ɗalibai? Da yawa, kuma shi ne aikin da ke cin kuɗin lebura: kwashe tarkace, cire tsohon kafet, cike ramukan bango, fenti a ɗakunan da gwaji ya wanke, gyaran farfajiya, haɗa gadaje. Galan ɗaya na fenti na rufe ƙafa murabba'i 350 zuwa 400, ɗakin kwana matsakaici zai ci kusan galan biyu idan za a shafa sau biyu. A raba mutane huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowane rukuni da tsohon ɗalibi ɗaya wanda ya san aikin, a rubuta aikin kowane ɗaki a manna a ƙofa. In ba haka ba mutum arba'in za su zo ranar Asabar, goma na aiki, talatin na hira. Ba hawa rufi, ba giya a wurin aiki, kuma a tambayi kamfanin inshora a rubuce ko ya amince da 'yan sa-kai.

Wajen kuɗi akwai abin da ke ba mutane mamaki. Gudummawar da aka ba kamfanin gidan kai tsaye yawanci ba a rage wa mai bayarwa haraji a kanta. Wadda ta bi ta gidauniyar ilimi ta ƙungiyar ana ragewa, amma ita kuma sashen karatu kawai za a kashe wa, kamar ɗakin nazari da laburare. A faɗa wa masu bayarwa wannan tun farko. A nemi farashi daga 'yan kwangila uku, a ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kasafin don abin da za a gano bayan an buɗe bango, domin a tsohon gida sai an gano. Kada a fara sai kuɗin zangon farko sun shiga asusu. Alƙawari ba ya biyan ɗan kwangila.

Hutun bazara daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Agusta ne, kusan mako goma sha uku, izinin gini kuma na iya cin makonni. Ku nemi izini da ɗan kwangila tun Fabrairu ko Maris. Idan aikin ya fi ƙarfin hutu ɗaya, bana a yi rufi da wuta, baɗi a yi banɗakuna. A hutun Disamba kuma kada a kashe na'urar ɗumama gida don tsimin kuɗi: a bar ta a kan digiri 55 na Fahrenheit aƙalla, a sa wani ya riƙa leƙa gidan, domin ruwan da ya daskare a bututu na fasa shi, ya jiƙa silin da bangon da kuka gama gyarawa.