Ka ce hawa bene da na'urar auna lilo ɓata lokaci ne?

Kai yaro, tambayarka ita ce: tunda za ka iya zuba zanen gini a ETABS, manhajar lissafin gini ta kwamfuta, ka ɗora masa girgizar ƙasa ta birnin Kobe na Japan ta 1995, ya nuna maka ginshiƙin da zai fara karyewa, don me nake sa ka hawa bene kana manna na'urori a kan dakin, wato kankaren da ke raba hawa da hawa? Ku 'yan yanzu in dai kwamfuta ta fito da hoto mai launi, shi ke nan an yi wahayi. Yadda ake shigar da nauyi da girman rodi ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya koma ɗaukar kwanon kankare.

Kowane gini yana lilo ko ba girgiza, iska da manyan motoci sun isa. Lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo shi muke aunawa, kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ga kowane hawa. Da wannan ake gyara ginin kwamfuta har ya dace da na ƙasa, sannan a girgiza shi. A girgizar birnin Meziko ta 1985 ƙasar tsohon tafkin da birnin ke kai ta yi ta lilo na kusan daƙiƙa biyu, benayen da nasu ya zo kusa da haka su suka fi zubewa.

Bayan motsin ƙasar Mpape a Satumban 2018, masu benaye a Abuja hankalinsu ya tashi. Wani Alhaji ya kira ni in duba masa bene hawa takwas. Kafin alƙalami kaɗan ya bayar, hayar na'urori daga aljihuna ta fita, wai in an gama sai a yi lissafi. Zanen da ya miƙo mini tsaf, kwamfuta ta ba ni daƙiƙa 0.8. Na'urori suka ce 1.1. Ka san abin da wannan ke nufi? Ginin gaske ya saba fin na kwamfuta tauri, saboda bangon bulo da ba ma lissafawa. Wannan kuwa ya fi laushi, taurinsa kusan rabin abin da takarda ta ce. Na sauka ƙasa da fitila. An rushe bangwaye an yi shaguna, a bayan kantar wani mai tayil kuma na ga guntun rodi huɗu a silin, an shafe su da fenti. Ginshiƙi guda aka sare don a faɗaɗa shago. Da na gyara lissafin na girgiza, hawan ƙasa ne ya durƙusa, irin abin da aka gani a Turkiyya a 2023.

Na kai masa rahoto. Ya karanta shafin farko, ya ce, “Injiniya, 'yan haya kake so su gudu?” Cikon kuɗina har yau. Ya nemo wani sa'anka, ya zuba wancan zanen na ƙarya, ko matakala bai taka ba, ya buga hatimi. Sai da na sayar da fulotina na biya masu na'urori. Allah ya isa.

Gobe da asuba ka ɗauki akwatin na'urorin. Na'ura ɗaya a ƙasa, biyu a saman rufi a kusurwoyi daban don mu ga ko ginin yana murɗawa. Ka ce su kashe janareta, kuma kada ka tsaya kusa kana taka dakin kana danna waya.