Adireshin imel huɗu: wanne za a tura, wanne za a bari?

Wani ɗan'uwa da ya kammala karatu a ƙasar waje, ya kuma samu aiki a can, ya rubuto yana cewa adireshin imel huɗu gare shi: tsohon Yahoo da ya buɗe tun yana gida, da Gmail da yake dubawa kullum, da na jami'a, da na wurin aiki. Kwanan baya hukumar shige da fice ta aiko masa da saƙo tana neman ƙarin takarda, saƙon ya faɗa akwatin jami'a, bai gani ba sai da ya rage kwana biyu wa'adi ya cika. Tambayarsa ita ce ko zai iya sa adiresoshin duka su riƙa tura saƙo wuri guda da kansu.

Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ana iya yin abin da kake so, amma ba a kowane akwati ba, kuma a ganina bai kamata ka jingina takardun zamanka a kan turawar ba. Abu na farko shi ne ka tsayar da adireshi ɗaya wanda kai ne mai shi. Na jami'a aro ne, domin jami'o'i da yawa suna rufe akwatin ɗalibi bayan ya kammala, kuma ranar da aka rufe shi turawar da ka saita ta mutu tare da shi, ba wanda zai sanar da kai. Na wurin aiki ma haka yake, yana iya rufewa a ranar da ka ajiye aiki. Saboda haka ka shiga asusunka na hukumar shige da fice, da banki, da hukumar haraji, da wurin mai gidan haya, ka sauya adireshin da ke rubuce a wurinsu zuwa Gmail ɗinka. Turawa amfaninta shi ne ta kama saƙonnin waɗanda ka manta ba ka sanar da su ba.

Idan akwatin jami'arku a kan Gmail yake, ana saita turawa a kwamfuta ne, domin manhajar waya ba ta da wannan zaɓin. Za ka shiga saituna, ka buɗe sashen turawa, wanda a Turanci aka rubuta wa "Forwarding and POP/IMAP", ka rubuta adireshin da za a riƙa kai saƙon. Google zai aika saƙon tabbatarwa zuwa wancan adireshin, kuma sai ka amince daga can, ka dawo ka kunna turawar ka adana, sannan ta fara aiki. Idan akwatin jami'arku a kan Outlook, wato imel na kamfanin Microsoft, yake, za ka samu zaɓin a saitunan wasiƙu, muddin jami'ar ba ta toshe shi ba. A duka biyun za a ba ka damar barin kwafi a akwatin asali, to ka bari. Amma Yahoo ya cire turawa ta atomatik daga asusun kyauta tun farkon shekarar 2021, sai mai biyan kuɗi, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne ka saka wannan akwatin a manhajar imel ta wayarka ka riƙa ganinsa kusa da sauran.

Akwai abubuwan da turawa ba ta yi, kuma a nan mutane suke yin asara. Ba ta kwashe tsofaffin saƙonni, sai waɗanda suka zo bayan an kunna ta, don haka takardar karɓarka a jami'a da rasitan kuɗin makaranta da duk wasiƙun da kuka yi da ofishin ɗaliban waje sai ka sauke su da hannunka tun akwatin yana buɗe. Gmail kuma ba ya tura abin da ya riga ya jefa a akwatin tarkace, wato "spam". Sannan saƙon da aka turo yakan iso ne ta hanyar da ba ta mai aikowa na asali ba, shi ya sa wani lokaci akwatin da ke karɓa yake zarginsa da zama na jabu, ya wurga shi cikin tarkace. Ka gwada da kanka: ka sa wani ya aiko maka saƙo mai ɗauke da takarda zuwa adireshin jami'ar, ka ga ko ya iso, da kuma inda ya sauka. Ka lura kuma da cewa idan ka ba da amsa daga Gmail, amsar za ta fita da adireshin Gmail ne, wanda mai yiwuwa ba shi ne a fayil ɗinka ba, saboda haka ka riƙa sa lambar fayil ɗin a kan kowace amsa.

Akwatin wurin aiki kuwa, shawarata ita ce kada ka taɓa shi. Saƙonnin ciki dukiyar ma'aikata ce, kuma sau da yawa suna ɗauke da bayanan abokan hulɗa waɗanda doka ta hana a fitar da su, kamar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018. Ma'aikatun da ke amfani da Microsoft 365, wato tsarin imel da manhajojin ofis na Microsoft, galibi a toshe turawa zuwa waje take, saƙon sai ya dawo da lambar kuskure 5.7.520, kuma masu kula da kwamfutocin ma'aikata suna iya ganin wanda ya gwada. Ga mutumin da izinin zamansa ya rataya a kan aikinsa, wannan kasada ce da ba ta da riba. Takardar albashi da kwantiragi haƙƙinka ne, ka nemi sashen kula da ma'aikata ya ba ka su ta hanyar da aka amince.

Sai batun tsohon Yahoo, wanda na tabbata shi ne 'yan gida suka sani. Kada ka yi watsi da shi, domin kamfanoni suna share akwatin da aka daɗe ba a shiga ba; Google ma ya ce yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a yi amfani da shi ba, kuma isowar saƙo kawai ba ta zama shaidar cewa mai akwatin yana nan ba, sai ka shiga da kanka. Ka duba lambar wayar da ke kansa don dawo da asusu, domin idan tsohon layinka na gida ne da ya daɗe a kashe, mai yiwuwa an ba wani shi. Idan kuma ka taɓa ba wani ƙanenka kalmar sirri don ya duba maka saƙo, ka sauya ta ba tare da wata rigima ba.

Tun da saƙonninka za su taru wuri guda, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kan Gmail ɗin, wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga, ka buga lambobin ajiya, waɗanda ake shiga da su idan waya ta ɓace, a takarda ka haɗa su da fasfonka. Lokaci zuwa lokaci kuma ka riƙa leƙa sashen turawa na kowane akwati, domin masu kutse sukan saka adireshinsu a wurin su yi shiru suna karanta wasiƙun mutum. Idan ka ga adireshin da ba kai ka saka ba, ka goge shi, ka sauya kalmar sirri nan take.